Malamin Laka Da 'Yar Mai Jirgi

A layin karɓar katin suna suka haɗu, safiyar da aka buɗe taron farko na ƙungiyarmu a Oostende. Mu goma sha huɗu ne, matasa masu bincike daga ƙasashe bakwai. Wata gidauniya da ke Brussels ce ta haɗa mu, za ta ɗauki nauyinmu shekara uku mu yi aiki a kan teku da abin da ke cikinsa.

Hannelore tana gaba, wani dogon saurayi yana bayanta yana fama da jakar da zif ɗinta ya ɓalle. Ta waiga ta karanta katin da aka miƙa masa: Sindre Moen, Norway.

"Daga wane gari?" ta tambaye shi.

"Tromsø."

"Can aka tura ni."

"Ni kuma nan aka turo ni. Ke 'yar ina ce?"

Ta nuna masa taga. "Ka ga hasumiyar cocin can? A bayanta aka haife ni."

Suka yi dariya, don a lokacin abin dariya ne. Dokar gidauniyar ke nan: ba a ba mutum aiki a ƙasar da ya zauna cikinta shekarun baya-bayan nan. Dole kowa ya bar gida. Wanda kuma ya fasa a tsakiya ya rasa aikin, ya rasa digirin, ya bar cibiyarsa da amsa tambayoyi. Duk mun sa hannu.

Kwana biyar aka yi ana taron. Kullum aka tashi hutun rana sai a neme su a rasa. Suna bakin gaɓa, ta sayo jatan lande a kofin takarda tana koya masa ɓarewa. Ita kafin ya gama ɗaya ta ɓare goma.

"Hannunka kamar na mai sassaƙa da gatari," ta ce. "Murɗawa ake yi, ba ja ba."

"To ki riƙa ɓare mini mana, 'yar jatan lande."

"Ji shi. Yaushe muka fara wasa da kai, Dogo?"

Sunayen nan biyu suka bi su. Ranar Asabar ya raka ta tashar jirgin ƙasa, ya ba ta lambar mahaifiyarsa Oddny. Ita kuma ta ce idan kewar abincin gida ta dame shi ya je wurin mahaifiyarta, Mama Godelieve, amma ya bi a hankali da mahaifinta, Baba Gaston.

Hannelore ta iso Tromsø ana gab da shiga watannin da rana ba ta fitowa. Aikinta a kan taru ne, yadda za a rage masa nauyi. Ta shiga ɗakin gwaji da duhu, ta fito da duhu, sha biyun rana kamar magariba. Wata rana ta tura masa saƙo:

"Dogo, yau kwana goma sha tara ban ga rana ba. Mamarka ta kawo mini safar ulu da man kifi, ta tsaya a kaina sai da na sha. Garinku ya riƙe ni kamar kwalba da murfi. Kai kana can kana taka titinmu."

Ya amsa:

"Na bi ta ƙofar makarantarku ta firamare ɗazu. Komai na garin nan ke ce, ke kaɗai ce babu. Saura wata talatin da huɗu, 'yar jatan lande. Na lissafa har sau biyu ko zai ragu."

Sun nemi a yi musu musanya, ko a ba ɗayansu zaman wata uku a cibiyar ɗayan. Amsa ta zo daga ofishin ƙungiya cikin ladabi: ba ya cikin tsarin da aka amince da shi. Sai hutu da taron ƙungiya sau biyu a shekara suka rage musu.

Shi Sindre aikinsa ɗebo laka ne daga ƙasan teku, ya duba abin da tarun masunta ke yi wa halittun da ke ciki. Ranar da ya fara zuwa gidan su Hannelore, Mama Godelieve ta cika masa kwano da miyar kifi. Baba Gaston Devriendt, wanda ya shekara arba'in yana jan taru a tudun yashin da ke ƙarƙashin teku yamma da gari, bai ko ajiye jaridarsa ba.

"Kai ne malamin lakan?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Irinku sun zo mana sau uku. Su ci jatan landenmu, su yaba, su koma su rubuta takarda a rufe mana wurin kamu. Ka ci miyarka, ba na hana baƙo abinci. Amma 'yata ba miya ba ce."

"Gaston," in ji Mama.

"Na gama magana."

A teburin akwai Dries, mutum mai shekara talatin da biyu da ke aiki a jirgin Baba. Kowa a tashar jiragen ruwa ya san Baba yana so ya bar masa jirgin, ya kuma so a ce har da 'yar. Dries ya taɓa neman Hannelore ta ce masa ita a matsayin yayanta ta ɗauke shi. Ranar nan murmushi kawai yake yi yana yaga burodi.

A haka aka ci shekara da rabi. Idan ta zo hutu sai dai su haɗu a shagon shayi na bayan tasha, don Baba ya ce kada ya sake ganin su tare a ƙofarsa.

Sannan sakamakon Sindre ya fito, kuma bai yi daɗi ba. Sarƙar da ke gaban tarun tana kankare tudun yashin, halittun wurin sun ragu ƙwarai. Shugabarsa ta tuna masa da yarjejeniya: babu wanda zai ji sakamako, ko da ɗan ƙungiya ne daga wani sashe, sai duka cibiyoyin bakwai sun duba sun amince. Wata biyu ya yi da maganar nan a cikinsa. Idan Hannelore ta kira ta ce, "Me ke damunka?" sai ya ce gajiya ce.

Ba daga bakinsa ta ji ba. An gayyaci wakilan masunta wani zama, Dries yana ciki, ya ga taswirar tudun da jan layi a kewaye, alamar za a rufe shi, da sunan Sindre a ƙasa. Ya ɗauki hoto ya tura mata da 'yan kalmomi: "Ga aikin Dogonki. Baba bai fita teku ba yau."

Ta rubuta wa Sindre:

"Ashe gajiyar ke nan. Ka zauna a teburinmu, ka ci abincin uwata, kana ɗauke da wannan. Da ka faɗa mini da na yi kuka na haƙura. Kada ka kira ni."

Ya kira sau bakwai ba ta ɗauka ba. Ya tura:

"Lore, abin da na auna gaskiya ne, ba zan iya canza shi ba ko don ke. Ɓoye miki kuwa hannuna aka ɗaure, amma na san ba hujja ba ce a wurinki. Ba ni na ja jan layin ba. Ina nan."

Ba ta amsa ba. A Oostende masunta suka daina gaishe shi, mai sayar da jatan lande ta riƙa juya masa baya. Ba shi da damar barin garin, kullum kuma ta gaban jirgin Baba Gaston hanyar aikinsa ta bi. Ita ma can ba ta da wurin ɓuya, don duk Lahadi Oddny tana ƙwanƙwasa mata ƙofa da waina mai zafi.

Lahadi ta shida Oddny ta zauna ta dube ta.

"'Yata, ban zo roƙa masa ba. Tun yana ƙarami haka yake, idan an ce riƙe wannan sai ya riƙe ko yana ƙona shi. Ubansa masunci ne, kin sani? Kifi ya ƙare a wurinmu shekarar da aka haife shi, muka sayar da jirgi. Babu wanda ya auna mana komai kafin lokacin."

Hannelore ta daɗe tana juya cokali a shayi.

Taron tsakiyar zango a Brest aka yi shi. Ina zaune kusa da ita lokacin da Sindre ya hau gabatar da aikinsa. Ya rame. Ya nuna alƙalumansa ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai ba. Da ya zo shafin ƙarshe ya ce, "Sarƙar ce ke ɓarnar, ba masuntan ba. A cikin ɗakin nan akwai wadda ta ƙera taru marar sarƙa. Kafin a rufe wa mutane abincinsu, ina roƙon a gwada shi a kan tudun."

Ba ta jira aka tashi ba ta bi shi waje.

"Ka karanta rahotona?"

"Sau huɗu. Akwai kuskuren rubutu a shafi na tara."

"Allah ya shirye ka, Dogo." Hawaye ya zubo mata. "Har yanzu ina fushi."

"Na sani. Ki yi fushin a kusa da ni."

A wannan makon suka rubuta buƙata tare, shugabanninsu biyu suka sa hannu. Wannan karon gidauniya ta yarda: zaman wata shida a Oostende don gwajin tarun, da sharaɗin a samu mai jirgi da zai shiga ƙungiyar a rubuce. Sun zagaye tashar kaf. Babu wanda ya yarda, Dries ya riga ya gaya wa kowa tarko ne. Wa'adin takardar kuma saura kwana huɗu. Idan ya wuce, Hannelore ta koma Tromsø, tudun kuma a rufe shi baki ɗaya.

Da safe suka sami Baba Gaston a kan jirginsa yana ɗinkin taru.

"Baba," ta ce, "ba don shi na zo ba. Tarun nawa ne. Shekara biyu ina cikin duhu ina ƙera shi, kai nake gani a gabana."

Bai ɗago ba. "Idan bai kama komai ba fa?"

"Mu rubuta bai kama ba," in ji Sindre.

"Idan kuma ya kama, amma lakarka ta ce har yanzu ana ɓarna?"

"Haka zan rubuta, Yallaɓai."

Baba ya ɗago ya kalle shi. "Ko ƙaryar neman aure ba ka iya ba." Ya goge hannu a wando. "Kawo biron."

Dries ya sauka daga jirgin a ranar, ya koma wani. Sindre ne ya maye gurbinsa wajen jan igiya, makon farko kuma a kan bokiti ya ƙare shi yana amai, Baba yana cewa bai taɓa ganin ɗan Norway da teku ke kayarwa ba. Tarun ya yage sau biyu. Hannelore ta gyara bakinsa, ta sake gyarawa. A wata na uku ya fara kawo kusan abin da tsohon ke kawowa, lakar da Sindre ke ɗebowa kuma ta nuna sauƙi.

Ba duka aka samu ba. Hukuma ta rufe rabin tudun, ɗaya rabin ta bar shi ga masu taru marar sarƙa. Wasu masuntan har yau ba sa yi wa Sindre magana. Kwana uku bayan hukuncin, Baba ya kira shi ɗakin tuƙi.

"Rabi ya fi babu. Kai kuma ka daina tsaya mini a ƙofar gida kamar sandar fitila. Idan aurenta kake so ka buɗe baki."

"Ina so, Baba."

"Ita ka tambaya, ni na ga ta kaina."

Sindre ya tambaye ta, ta amsa masa a saƙo, alhali tana tsaye a gaɓa tana hango shi: "Na yarda, Dogona. Amma ka sake ɓoye mini wani abu, teku zan jefa ka."

Bayan sun kare digirinsu aka ɗaura auren a ofishin magajin garin Oostende, wata Asabar cikin Yuni. Mu goma sha biyun da muka rage duk mun zo. Oddny ta iso da rigar gargajiyarsu, ita da Mama Godelieve suka riƙe hannun juna suna kuka, ba mai jin yaren wata. Sabon tallafin da suka samu ma sai da ya ce su bar gida, zuwa Galway. Amma cibiya ɗaya ce, ɗaki ɗaya.

Wurin cin abinci Baba Gaston ya miƙe da kofinsa, ya daɗe yana gyaran murya.

"Ni ban iya jawabi ba. Na ba da 'yata ga mutumin da ya rufe mini rabin teku, ya kuma faɗa mini a idona. Ka riƙe ta da wannan gaskiyar, ɗana. Ke kuma Lore, ki riƙa ba shi abinci, iska za ta iya ɗauke shi. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku da ƙaruwa."

Muka ce amin, kowa da harshensa. Hannelore ta jingina kanta a kafaɗar mijinta.