Takalman Maman Waya

"Ina Ɗigo?"

Abin da na fara ce wa mijina ke nan a filin jirgi, bayan wata goma sha ɗaya rabona da shi. Ba sannu da zuwa, ba ya hanya. Ya fito yana tura keken kaya, akwati biyu a kai. Na leƙa bayansa, na leƙa gefensa, har bayan akwatunan na duba, don an ce min 'yata akwai son wasan ɓuya.

A hannuna ina riƙe da 'yar rigar sanyi ja, da sabon takalmi a cikin kwali.

"Rabin raina..." ya ce.

"Malam, ina 'yata?"

"Mu samu wuri mu zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba! Tana banɗaki ne? Wa ka bar wa ita?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon tayar keken.

"Tana gida. Wurin Inna."

Ban san na saki kwalin ba sai da na ji faɗuwarsa.

Shekara huɗu ina aiki a gidan kula da tsofaffi a ƙasar mutane. Ina yi wa iyayen wasu wanka, in yanke musu farce, in ba su abinci a baki. Na bar Ɗigo tana 'yar shekara biyu a hannun Malam da mahaifiyarsa, Inna. Mun sa mata Ɗigo ne saboda 'yar mitsitsiya ta zo duniya.

Hutuna kwana goma sha biyu ne a shekara, biyu kuma hanya ce ke cinye su. In na isa gida, sai Ɗigo ta yi kwana uku tana ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙena. Ranar da za ta yarda ta hau cinyata, lokacin na fara haɗa kaya.

Amma ina da abin da nake yi ranar tafiya. Sai in shimfiɗa farar takarda a ƙasa, in ɗora ƙafarta a kai, in zagaye da biro. Tana dariya, wai cakulkuli nake mata. Takardar nan nake liƙawa a saman gadona. In na samu mai zuwa gida, sai in kai ta shagon takalma, in ƙara lamba ɗaya don girma, in aika.

"Ya yi mata?" nakan tambayi Malam.

"Cif da cif, kamar a ƙafarta aka ɗinka."

Kuma duk ranar da na kira su ta bidiyo, ga Ɗigo nan a tsaye, takalmina a ƙafarta. Wallahi wannan kaɗai yakan riƙe ni mako guda.

Shekara biyu na yi ina zaryar ofisoshi kafin a ba su izinin zuwa, shi da ita. Sharaɗin ɗaya ne: duk wanda bai shigo ba kafin ƙarshen wata, izininsa ya mutu, sai a sake sabon lale. Ranar da Malam ya sauka, saura kwana goma sha shida.

A cikin bas ya yi min bayani, murya can ƙasa.

"Inna ce ta hana."

"Ta hana? 'Yarta ce?"

"Ta ce in na raba ta da jikarta... ba za ta yafe min ba."

"Sai ka ɗauko akwati ka taho."

"Uwata ce, Maman Ɗigo."

"Ni kuma fa? Ni mece ce? Maƙwabciya?"

Ya juya yana kallon tagar bas. Da ma Malam haka yake, in magana ta yi zafi sai ya haɗiye ta. Wannan shirun nasa na so tun muna saurayi da budurwa. Ranar kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi da shi.

Ɗakina ɗaya ne da ɗan kicin. A kusurwa na kafa ƙaramin gado, na shimfiɗa masa zanen gado mai ruwan ɗorawa, na ɗora 'yar tsana a kan matashi. Wata biyu ina gyara gadon nan kullum da safe, alhali ba wanda ya kwanta a kai.

Malam ya tsaya yana kallonsa.

"Nan ne makwancinka," na ce.

"Haba, masoyiyata..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan. Tunda ka bar mai gadon, ai sai ka kwanta mata."

Ya kwanta kuwa. Kullum da safe in na tashi shirin aiki, sai in ga ƙafafunsa sun zarce gadon suna reto. Ban ji tausayinsa ba. Gaskiya nake faɗa, daɗi ma na ji.

Mutumin da a gida shugaban makaranta ne, malamai na miƙewa in ya shigo, a nan ya kasa kunna murhu. Ya murɗa wannan, ya danna wancan, ya waiwayo yana neman idona, ni kuwa in ci gaba da shan shayina. Rana ta biyu ya fita sayen burodi ya manta lambobin buɗe ƙofar gidan. Ruwa ake tsugawa. Ta taga nake kallonsa yana danna lambobi, ledar burodi a ƙarƙashin riga. Sai da wata maƙwabciya ta dawo daga kasuwa ta buɗe masa.

Ya shigo sharkaf, ya ajiye burodin, ya ce, "Na samo irin wanda kike so."

Ko kallon ledar ban yi ba.

Rana ta uku na je wurin shugabar sashenmu na roƙi kwana huɗu kacal, in je in ɗauko 'yata da kaina. Ta buɗe jadawali ta nuna min da yatsa: hutuna na bana na riga na cinye, kuma ma'aikata biyu ba su da lafiya. Ta ce ta tausaya min ƙwarai. Sannan ta tuna min akwai tsoho a ɗaki na tara yana jiran wanka.

Lokacin cin abincin rana na shige ɗakin wanki, na rufe ƙofa, na kira Inna.

Matar nan ita ta yi min jego. Ita ta goya Ɗigo ranar da na fara tafiya don kada ta ga fitata. Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ranar ko gaisuwa ban yi ba.

"Inna, me na yi miki?"

"'Yata..."

"Ni ba 'yarki ba ce! Da 'yarki ce ni, da ba ki yi min haka ba. Ke kin haifi naki kin raina, kin ga girmansu. Ni guda ɗaya tak Allah ya ba ni, ita ma sai kin ƙwace? Tsufa ne ya sa miki son kai, ko da ma can haka zuciyarki take?"

Injin wanki na ta juyi a bayana.

"Na ji," ta ce a hankali. "Duk abin da kika faɗa haka ne. Laifina ne."

"Ba ni Ɗigo."

"Tana makaranta."

Na kashe wayar a kunnenta.

Rana ta shida ba ni da aiki. Malam ya matso da wayarsa da sabon layi a tafin hannu, kamar mai roƙon alfarma.

"Ko za ki taimaka ki sa min? Na kasa buɗe wurin."

Na karɓa don kawai ya daina tsaya min a kai. Ya shiga wanka. Na sa layin, na kunna wayar, sai idona ya faɗa kan wani bidiyo da ƙanwarsa ta turo masa ranar da ya taso. Hoton farko ƙofar gidanmu ce, da mota a tsaye. Na danna.

Muryar ƙanwarsa ce tana dariya. "Ga 'yan tafiya nan! Ɗigo, ɗaga wa Mama hannu!"

Ga 'yar jakarta a bayan mota. Ga Inna ta riƙo hannunta tana janta zuwa motar. Inna da kanta.

Sai Ɗigo ta fizge, ta rungume ƙarfen ƙofar gida da hannu biyu.

"Ba zan je ba! Ba zan je wurin Maman waya ba!"

"Haba 'yar albarka," in ji Inna, ta durƙusa a gabanta. "Uwarki ce fa. Shekara huɗu tana wahala saboda ke. Tashi ki je, don Allah, ni na roƙe ki."

"Ba na sonta! Takalmanta ciwo suke min! In na je kullum sai ta sa min!"

Ta tuɓe takalmin ta yi jifa da shi. Hoton ya karkata, amma na gani. Bayan dunduniyarta duk tabo ne, wani ya warke, wani sabo. Malam ya ɗauke ta cak, ta sandare tana ihu har numfashinta ya ɗauke, Inna na salati. Sai muryarsa: "Kashe wayar nan. Kada wanda ya tura mata."

Bidiyon ya ƙare. Na sake kunnawa. Na sake.

Da ya fito daga wanka ya ga wayar a hannuna, ya ga fuskata, sai ya jingina da bango.

"Maman waya," na ce. "Haka take kirana?"

"Yarinya ce..."

"Tun yaushe takalman suke matse ta?"

Ya kau da kai.

"Malam, tun yaushe!"

"Tun na farko," ya ce. "Kafin ya iso ƙafar ta wuce shi. Kina ƙara lamba ɗaya, ita kuwa biyu take ƙarawa."

"Ka ce min cif da cif!"

"Na ji yadda muryarki take in kina tambaya. Na kasa faɗa miki gaskiya." Hawaye ya zubo masa. "Kin ce ganinta da takalmin ne ke ba ki ƙarfin aiki. Shi ya sa duk ranar da za ki kira muke sa mata. Minti goma ne kawai, muka ce ba komai. Har ya zama in ta ji ƙarar wayar sai ta ruga ta ɓuya."

Ashe ba wasan ɓuya take so ba. Ni take guje wa.

"Inna kuma fa?"

"Ita ta ce a ɗora mata laifin. Ta ce gara ki tsane ta da ki ji abin da 'yarki ta faɗa."

Na tuna abin da na gaya wa tsohuwar nan a ɗakin wanki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya durƙusa ya kama hannuna. "Rabin raina, don ina sonki na ɓoye."

"Na sani," na ce, na zare hannuna. "Da ka rage sona kaɗan, ka faɗa min gaskiya sau ɗaya, da yanzu 'yata na kan gadon can."

Na kira Inna ta bidiyo. Tana ɗagawa na fashe da kuka.

"Inna, ki yafe min... na gani. Na ga komai."

Ta goge idonta da bakin mayafi. "Ban riƙe ki ba, 'yata. Uwa ce ke."

"Saura kwana goma. In ƙanwar Malam ta rako ta..."

"Mun gwada jiya. Ganin jakar kawai ta yi, zazzaɓi ya rufe ta. In kin ce a ɗaure ta a kawo miki, sai a ɗaure. Ke za ki faɗa."

Na kalli ƙaramin gadon, na kalli takardun nan huɗu da ke liƙe a bango, ƙafa huɗu, kowace ta ɗara 'yar'uwarta.

"Kada a ɗaure ta," na ce. "Ina son in gan ta kawai."

Inna ta ƙwala mata kira. An daɗe kafin ta shigo. Ta tsaya can nesa, kai a ƙasa, tana ɗingishi. Ba wanda ya ce ta sa, ita da kanta ta je ta cusa ƙafarta a takalmin, don ta san dokar ranar waya.

"Ɗigo," na ce. "Sanyin idona. Cire takalmin nan."

Ta ɗago ta kalli Inna, ta kalle ni.

"In cire?"

"Cire. Ba za ki ƙara sa shi ba har abada."

Ta zauna a ƙasa ta fizge ɗaya, ta fizge ɗaya. Ta motsa 'yan yatsunta. Sai ta yi min murmushi, murmushin farko da ta taɓa yi min ta waya ba tare da an ce ta yi ba.

"Na gode," ta ce. "To in tafi?"

Na buɗe baki. Akwai magana ta shekara huɗu a cikinsa.

"Tafi," na ce.

Ta tashi da gudu, ƙafa ba takalmi, ko waiwaye babu. Inna ta rufe fuska tana kuka, wayar ta sunkuya a hannunta, ba na ganin komai sai takalma biyu a kan tabarma, ɗaya a kife.

Malam ya ce in kashe, na ƙi. Su na zauna ina kallo har layin ya yanke.