Bencin 'Yan Mata

Da la'asar aka kira Sufeto Munsif: an tsinci wani ɗalibi, Wasim, kwance a bayan gidan burodi a birnin Safakis, haƙarƙari a karye.

"Ɓarayi ne, Yallaɓai," in ji Wasim daga gadon asibiti.

Sufeto ya dubi wayar yaron da agogonsa a kan tebur. "Ɓarayin naka akwai tausayi."

Wasim ya juya fuska bango. "In na faɗi dalili, ni za ku kama. Ka fi ni sanin doka."

Sufeto ya san ta kuwa. A nan, namijin da aka ce maza yake so, shi ake kai wa kotu ko da shi aka daka. Kunya ta hana shi ƙara tambaya.

Washegari a makaranta, shugabar, Madam Najiba, ta yi ta rantsuwa. "Na hana malamai zancen yaron nan a aji tun bara. Malam Lutfi ya yi ta faɗa wai na ɗaure masa baki, amma ya bi."

"A aji kawai?"

Kowa ya san rabin ajin a garejin Malam Lutfi suke ƙarin darasi bayan an tashi.

Garejin na da benci biyu, na maza da na mata. Malam Lutfi ya tarbe shi da shayi, ko a jikinsa.

"Haba Sufeto, nan gidana ne, bakina nawa ne. Ban zagi kowa ba. Ce wa Wasim kawai na yi ya koma bencin 'yan mata, can ne wurinsa. Yara suka yi dariya, shi ke nan."

"Duka suka yi dariyar?"

"Ban da Firas, ɗan baffansa. Shi fita ya yi, ya buga mini ƙofa."

Firas ɗin kuwa da safe ya gaya wa wani kofur ɗin 'yan sanda wai bai je darasi ba. Sufeto ya same shi a shagon mahaifinsa, hannun dama a naɗe.

"Babur ne ya kayar da ni."

"Babur ɗin da ya zaɓi bayan yatsu kawai? Malaminka ya ce kana garejin."

Firas ya miƙe zumbur. "Sunan gidanmu ɗaya da shi, Yallaɓai! Suka juyo suna kallona, wani ya ce ko ni ma a matsa mini wuri a bencin matan. Wallahi ban san na yi masa haka ba sai da ya daina motsi."

Aka sa masa ankwa. Malam Lutfi na tsaye tsallaken titi yana kaɗa kai irin na mai jaje. Babu dokar da ta taɓa shi, Sufeto kuma bai iya haɗa ido da shi ba.

A rahoto, wajen dalili, ya rubuta "rikicin gida". Ƙarya ce, amma ita kaɗai za ta tsare Wasim.

Yana fitowa daga ofis ya tarar da mahaifin Wasim a bakin kantar 'yan sanda, ya ci ado.

"Alhaji, asibiti za ka? Zo in sauke ka, yaron tun jiya yake tambayarka."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "A'a, Yallaɓai. Belin Firas na zo nema."