Golan Da Ya Ƙi A Ci Shi

Akwai wani yaro ɗan aji shida da ake kira Ɗan Katanga. Shi ne mai tsaron ragar makarantarsu.

Sunan nan gado ya yi. Babansa tsohon gola ne. Ya yi shekaru yana buga wa wata babbar ƙungiya wasa, shi ne sana'arsa. 'Yan kallo ne suka sa masa Katanga, don ƙwallo ba ta wuce shi sai da ƙyar.

Wata rana gwiwarsa ta goce a fili. Likita ya ce wasa ya ƙare. Baba ya rataye safar hannunsa a ƙusa, ya shiga koyon aikin fim. Da farko jakar kyamara yake ɗauka. A hankali ya zama mai shirya fim. Shi ke nemo labari, ya tara ma'aikata, ya samo wurin da za a ɗauka. Har yanzu yana ɗingishi idan ya daɗe a tsaye.

Ran nan Baba ya kira ɗansa.

"Za mu yi fim a kan wani ƙaramin yaro da kowa ya raina," in ji shi. "A ƙarshe shi zai ci wa ƙungiyarsu ƙwallo. Muna neman golan ɗaya ɓangaren. Za ka iya?"

Yaron ya yi tsalle har ya kusa ture kujera.

"Tsaya tukuna," in ji Baba. "Golan nan cin sa za a yi. Za ka faɗa dama, ƙwallo ta shiga hagu. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ya dai ce ya ji. Washegari ya cika aji da labarin cewa zai fito a fim. Maganar cin kuwa, ko da wasa bai ambata ba.

Ranar Asabar aka taru a filin makaranta. Shugaban makaranta ya ba da aron filin na wuni ɗaya. Malamin wasanni ya kawo 'yan aji su zama 'yan kallo. Ga mai kyamara. Ga mai riƙe farin allon da ke mayar da hasken rana a fuskar ɗan wasa. Ga darakta, wata mata mai hular rana, wadda ke gaya wa kowa abin da zai yi.

Wanda zai buga ƙwallon ɗan aji uku ne. Ɗan Firit ake kiransa, don rigar wasan ma har gwiwa ta kai masa.

An yi ta ɗaukar wasu wurare har la'asar. Sai mai kyamara ya dubi sama.

"A hanzarta," ya ce. "Da zarar rana ta faɗa bayan azuzuwan can, aikina ya tsaya."

Ɗan Katanga ya shiga raga. Darakta ta ɗaga hannu. "A fara!"

'Yan ajinsu suka hau kira, "Katanga! Katanga!" Kan yaro ya kumbura. Ɗan Firit ya buga. Caraf! Gola ya cafke.

"Tsaya!" in ji darakta. "Ɗana, ɓangaren dama aka ce ka faɗa."

"Yi haƙuri, Anti. Hannuna ne ya saba."

Aka sake. Ya sake kamawa. 'Yan kallo suka yi ta tafi, shi kuma har da ɗaga musu hannu.

Baba ya tako har bakin raga. Bai ɗaga murya ba. "Me muka yi da kai a gida?"

"Baba, duk ajinmu suna kallo. Ɗan aji uku fa! Dariya za su yi mini."

"Fim ne. Ka yi abin da aka sa ka."

Aka sake. Wannan karon ma yaron ya doke ƙwallo ta haye saman raga.

Sai Ɗan Firit ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. "Ni ne ban iya ba," yake cewa. "Ku nemi wani."

Kafin a lallashe shi, inuwar azuzuwa ta rufe filin. Mai kyamara ya rufe kyamararsa.

"Cire safar," in ji Baba. "Ba wa Dogo. Mako mai zuwa shi zai tsare raga."

Dogo ɗan ajinsu ne, ko sau ɗaya bai taɓa tsaron raga ba. Ɗan Katanga ya miƙa masa safar, idonsa ya cika da ƙwalla.

Yana tsaye yana kallo, Baba ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Ya je wurin shugaban makaranta ya sake roƙon fili. Ɗingishinsa ya ƙaru, don tun safe yake tsaye. Kunya ta kama yaron sosai.

A gida Baba ya kira shi ɗakin aikinsa, inda tsohuwar safar take rataye. Ya kunna kwamfuta, ya nuna masa wani tsohon wasa. Ga Baba da ƙuruciyarsa a raga. Aka buga, ƙwallo ta wuce shi. Can kuma wata ta sake wucewa.

"Baba! Kai ma ana cin ka?"

"Sosai ma. A wasan nan an ci ni biyu, mun ci uku. Mu muka ɗauki kofi. Ka ga wani yana yi mini dariya?"

Yaron ya girgiza kai.

"A fili kowa da gidansa," in ji Baba. "A fim ma haka ne. Mai kyamara ba ya fitowa ko sau ɗaya, amma ba shi, ba fim. Yau kai kaɗai ka so a gani, sai kowa ya koma gida da wahalar banza. Kuma ka sa ƙaramin yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai ka ɓata wa ba."

Ranar Litinin da aka fita hutun tara, yaron ya nufi aji uku. Ya sami Ɗan Firit a bakin taga.

"Laifina ne, ba naka ba," ya ce masa. "Zo in nuna maka inda gola ba ya so a buga."

Duk makon nan suna bayan aji suna gwaji. Ya koya masa ya buga ƙasa-ƙasa, dab da ƙarfen raga.

Asabar ta zagayo. Ɗan Katanga ya ba darakta da sauran ma'aikata haƙuri. Aka ba shi riƙon farin allo. Ya riƙe, bai yi gunaguni ba.

Dogo ya shiga raga. Ɗan Firit ya buga. Dogo ya runtse ido, ya dafe kai, ya durƙusa. Kowa ya kwashe da dariya, har shi kansa Dogon.

"Kai, wa zai yarda wannan gola ne?" in ji darakta. Ta dubi Baba.

"Ba ni za ki tambaya ba," in ji Baba. "Tambayi mai bugu."

Ɗan Firit ya nuna mai riƙe da allo. "A ba shi, Anti."

Dogo ya cire safar da murna. Ɗan Katanga ya shiga raga. "A fara!"

Ɗan Firit ya buga ƙasa-ƙasa, dab da ƙarfe. Gola ya yi sufa da dukan jikinsa, ya faɗi tim. Ƙwallo ta girgiza raga. Yara suka ruga suka ɗaga Ɗan Firit sama.

"Ya yi!" in ji darakta. "Ba sai an sake ba."

Baba ya zo ya ɗaga ɗansa, ya kaɗe masa ƙasar da ke rigarsa. "Ɓangaren dama na ce ka faɗa, sai na ga ka bi ƙwallon hagu."

"Na san ba zan kai ba, Baba. Ni na koya masa. Wannan ko kai ne ba za ka kama ba."

Baba ya yi dariya har da riƙe gwiwa.

Da aka nuna fim ɗin a makaranta, wani ɗan ajinsu ya tsokane shi, "An ci Katanga!"

"An ci ni," in ji shi. "Shi ya sa kuke tafi."

Daga ranar ya gane cewa idan aiki na taro ne, kowa ya yi nasa da kyau, ko da ba shi za a tafa wa ba.