Wanda Ba a Rufe wa Ido Ba

Ranar da aka gama ɗaukar fim ɗin, da yamma lis na tuƙa mota zuwa bakin teku in ɗauko ƙanena Rógvi. Mamma ta dafa naman tunkiya da dankali, ta ce mu hanzarta kada ya huce.

Fim ɗin a kan Arnfinn ne. Duk wanda ya tashi a tsibirinmu a nan Faro, a arewacin Turai, ya san waƙarsa: mutumin da ya tare mahara shi kaɗai a bakin gaɓa, tun zamanin takobi da jirgin katako, har suka sare shi. Lokacin sanyi muke rera ta a ɗakin taro, hannu cikin hannu, taku biyu hagu, ɗaya dama. Doguwa ce, kuma ba a tsayawa a tsakiyarta. Sai an kai inda yayarsa ta zo ta wanke masa fuska, ta rufe masa ido, ta ce ya kwanta. Kakarmu takan ce wanda ya tashe shi, shi zai kwantar da shi.

Ni malamar tarihi ce, shi ya sa masu fim suka ɗauke ni in riƙa duba musu lafazi da sutura. Rógvi kuwa ƙirarsa ce ta zo ɗaya da ta jarumin fim ɗin, sai ya zama shi ke sa sulke yana shan faɗuwa a madadinsa.

Tun farko na tambayi daraktan, wani baƙo mai fara'a, ina ƙarshen labarin.

"Ga shi nan, Malama. Ya faɗi, jirage na ci da wuta, kiɗa ya tashi. Shi ke nan."

"Yayarsa fa?"

"Wa zai sayi tikiti ya kalli wankan gawa?"

Rógvi ya kwashe da dariya. "Yaya Oddvør, ki fito fili. So kike a saka ki a fim."

"Ji wanda aka ɗauka don ya iya faɗuwa. Ai tun kana rarrafe ka ƙware."

Na kawo hujjojina a tsanake, ba a karɓa ba. A ranar ƙarshen nan kuwa wuni suka yi suna sakin waƙar ta lasifika a bakin teku. Da an kai baitin da ya faɗi, sai a katse, a sake daga farko.

Da na isa bakin tekun, manyan motocinsu duk sun tafi. Sawun taya ne kawai a cikin laka. Hazo ya sauko daga kan dutse ya rufe teku. Iska na ɗauke da ƙaurin katakon da suka ƙona, da ƙarnin ciyawar ruwa. Ƙarƙashin waɗannan akwai wani wari da ban sani ba, kamar tsohon ƙarfe da ya daɗe a ruwa.

Babu kukan tsuntsu ko ɗaya. A gaɓarmu wannan ba ya faruwa.

"Rógvi!"

Sai na ji taku a kan tsakuwa. Biyu, sannan ɗaya. Biyu, sannan ɗaya. Ƙafafuna sun gane shi kafin kaina.

Na bi sautin. Can na hango shi a tsaye cikin sulkensa na roba, hannuwansa a buɗe kamar yana riƙe da mutane a hagu da dama. Babu kowa. Rawa yake yi, kuma rawar tana kai shi cikin teku. Ruwa ya riga ya kai masa gwiwa.

Na shiga da gudu na kama rigarsa. Sanyin ruwan ya sare ni har ƙashi.

"Kai, wane irin wasa ne wannan? Mamma na jira."

Bai dube ni ba. Leɓunansa na motsi. Baitin faɗuwa yake maimaitawa, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Na ja shi da iya ƙarfina. Kamar in ja dutse.

Sai na ji numfashi a bayana. Mai nauyi, mai ruwa-ruwa.

Na waiwaya.

A daidai inda Rógvi ya wuni yana faɗuwa, wani na kwance.

Nasa sulken ba na roba ba ne. Tsatsa ta ci shi, ƙananan kaguwa na fita ta ramukansa. Gemunsa cike da yashi. Idanunsa a buɗe, suna kallon sama.

Ruwa ya kai wa Rógvi ƙugu.

Ni mace ce mai bin abu daki-daki. Na tsaya na auna. Ba zan iya ɗaga ƙanena ba. Gari da nisa. Abu ɗaya ya rage, kuma sai na saki rigarsa na juya masa baya kafin in yi shi.

Na saki.

Na durƙusa gefen na kwancen. Warin ya cika mini baki. Na ɗauko waƙar daga inda suka katse. Na ɗebi ruwa da tafin hannu na zuba masa a goshi. Fatarsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Hannunsa ya damƙe wuyan hannuna.

"Kin daɗe," ya ce, can ƙasa, da irin lafazin da a waƙa kawai na taɓa ji. "Ke ce yayata?"

Na ji taku a bayana yana nisa. Biyu, ɗaya. Yanzu ba tsakuwa, sai motsin ruwa.

Na san nauyin amsar.

"Ni ce," na raɗa. "Kwanta, ƙanena."

Na sa yatsu na ja fatar idonsa. Ta ƙi. Na ci gaba da rerawa, baiti bayan baiti, ban tsallake ko ɗaya ba, ko da yake kowace gaɓa ta jikina na cewa in yi sauri.

A kalmar ƙarshe idanun suka rufu.

Hannun ya saki. Igiyar ruwa ta zo ta wuce, ta bar tsakuwa kawai.

Sai tari. Rógvi ne, ruwa har haɓa, yana fafutukar fitowa. Na jawo shi muka zube a gaɓa.

"Yaya," ya ce, haƙoransa na haɗuwa, "me ya kai ki wanka da kaya?"

Bai tuna komai ba har yau. Ni kuma shatin yatsu bai bar wuyan hannuna ba, kuma wurin ba ya ɗumi ko na kai shi bakin murhu.

Fim ɗin ya fito, ya karɓu. Na kalla sau ɗaya. Faɗan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma a birane da gidajen da ban san adadinsu ba, kullum wani na kunna shi, waƙar ta tashi, ta tsaya a inda ya faɗi. Shi ya sa duk yamma, kafin rana ta faɗi, nake sauka gaɓa in ƙarasa musu waƙar. Ranar da mura ta toshe mini murya ban je ba, da safe Mamma ta tarar da gadon Rógvi jiƙe da ruwan gishiri.

Makon jiya ya shigo kicin da waya a hannu, bakinsa har kunne.

"Yaya, albishirinki! Daraktan ne. Wani fim ɗin za su ƙara, kuma da ni. Wai ashe Arnfinn bai mutu ba, tashi zai yi."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna. Wuyan hannuna ya ƙara sanyi.

A waje, kan tsakuwar ƙofar gida, wani ya yi taku biyu. Ya tsaya.