Facin Zuciyata

"Ki sakar min ƙanena!"

Haka yayar saurayina Dogo ta faɗa tun daga bakin ƙofa, ko sallama babu. Ina kwance a gadon asibiti, robar iska a hancina.

"Anti, sannu da zuwa..."

"Riƙe sannunki! 'Yar kawunmu ta faɗa min komai. Wai naman dabba za a liƙa miki a zuciya!"

Na san za a yi haka. 'Yar kawun nan ta daɗe tana son Dogo, kuma tun da zazzaɓin bara ya lalata min tsokar zuciya take yawo da zancena.

Na yunƙura na zauna, numfashina na sarƙewa.

"Ba na dabba ba ne. Jinina aka ɗiba, likitoci suka juya ƙwayoyinsa suka zama na tsokar zuciya, suka raine su a ɗakin gwaji. Da su za a yi min faci."

"In bai kama ba fa?"

"Likita bai ɓoye min ba, gwaji ne. Amma wallahi ba zan kwanta jiran mutuwa don gudun bakin mutane ba!"

Sai ga Dogo da kayan waldarsa, ko hannu bai wanke ba.

"Yaya, ke kika raine ni, ban taɓa yi miki musu ba. Yau kam zan yi."

"Gawa za ka aura?"

Na riga shi magana.

"Dogo, in tausayina kake ji, ga ƙofa nan, bi Anti."

"Tausayi? Ke da kike masifa da roba a hanci? Ai ni ne abin tausayi, masoyiyata!"

Anti ta buga ƙofa ta fice.

Aka yi aikin. Na sha wuya, har yau ina shan magani, amma facin ya kama.

Bayan wasu watanni na je gidan Anti tare da Dogo, can saman bene. Dogo ya miƙo hannu, na ture. Ina hawa ina hutawa har na kai.

Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona.

"Da ƙafarki kika hawo?"

"Da ƙafata. Aurenmu na zo gayyatar ki, ko kin zo ko ba ki zo ba za a ɗaura."

Idonta ya cika da ƙwalla.

"Ja'ira mai taurin kai... Shigo ki zauna, ƙanwata, kar ki faɗo min."