Ɗaurin Bahago

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka a ƙauyukan Ɗambatta, Furera ta fita da la'asar sakaliya neman tafasar miya. Ta kusa da gari duk mata sun tsige, sai ta nufi tsamiyar da ke ƙarshen gonar mijinta, Mika'ilu.

Ciwo biyu ke damun Furera, kuma ta san bambancinsu kamar yadda ta san gero da dawa. Na farko fargaba ce, tsohuwar abokiyar zamanta. Da ita take kwana, da ita take tashi, tana tunanin bakin yara da tsohuwarta da ke fama da rashin lafiya a Bacirawa. Wannan tana da dalili, kuma a hankali take ci, kamar gara. Na biyun kuwa ba ya sallama. Tana cikin daka zai faɗo mata. Zuciya ta hau dukan ƙirji, numfashi ya maƙale a wuya, yatsu su yi sanyi, ta sakankance mutuwa ce ta zo. Kafin tukunya ta tafaso ya wuce, ya bar ta sharkaf da gumi. Shi wannan bana ya soma, tun ranar da shuɗin ɗankwalinta ya ɓace a igiyar shanya.

In ta kai kuka wurin Mika'ilu, murmushi yake yi. "Fargabarki ce kawai, Furera. Ki rage tunani." To, shi me zai dame shi? Duk karkarar, geronsa ne kaɗai ya yi kore shar, har ana cewa Allah ya so shi.

Tana isa gindin tsamiya magariba ta kawo jiki. Kiran sallar da ke tasowa daga gari ya yanke a tsaka. Gero ya hau kaɗawa, alhali babu iska. Sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a wurin da ya manta da ruwa.

Ta ɗaga kai.

Ga ɗankwalinta a reshe, an ɗaure shi da kaba. Ba ɗankwalin ne ya kashe mata jiki ba, ɗaurin ne. Mika'ilu bahago ne. Yadda yake murɗa kaba a damin gero, babu mai irinsa a garin, kuma ita ce ke kwance dammunansa ranar sussuka tun tana amarya.

Abin ya faɗo mata. Ƙirji ya hau bugu. Wuya ya shaƙe.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarta.

"Wadda ke cinki kullum taki ce," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, kamar ta tsohuwa. "Mai zuwa kwatsam kuwa, ni ce. Abin da aka ba ni nake leƙowa."

"Wa ya ba ki?" Da ƙyar maganar ta fita.

"Kin ga ɗaurin. Ni in shayar da gona, shi ya bar mini ke ranar girbi."

Tsoro ya kama Furera, amma baƙin ciki ya fi shi ƙarfi. Mutumin da take ragewa daga tuwonta ta ƙara masa!

Ta yi bisimilla, ta miƙa hannu. Wasu yatsu dogaye suka kewaye mata wuya. Idanunta suka soma dushewa. Da wani ne, dama zai ja kabar, ta ƙara cijewa.

Ita hagu ta ja.

Ɗaurin ya warware. Yatsun suka saki.

"Reshena ba ya zama haka nan," muryar ta raɗa. "Kabar wa ta rage?"

Furera ta fizge ɗankwalinta. Ta bar kabar Mika'ilu a rataye, ta kwasa da gudu ta cikin gero, ƙwaryar tafasa ta tarwatse a bayanta.

Fargaba ba ta rabu da Furera ba, don tata ce. Na biyun dai bai sake zuwa ba. Geron Mika'ilu ya ci gaba da kore shar.

Ana gab da girbi, ranar da ta gama ɗaure kayanta za ta tafi Bacirawa da yara, ta same shi durƙushe a bakin rumbu da magariba, ya dafe ƙirji, gumi na zuba.

"Furera, mutuwa zan yi! Wani abu ya shaƙe ni!"

Ta gyara shuɗin ɗankwalin a kanta, ta dube shi.

"Fargabarka ce kawai, Malam. Ka rage tunani."