Wa Za a Tambaya a Maitama?

A shagon mahaifinta da ke Daura, Alhaji Sada Maiturare, Juwairiyya ta fara ganin Muktar. Ta kawo abincin rana, shi kuma ya tsaya sayen turare. Kwalba ɗaya ya zo saya, amma sai da ya shinshina rabin shagon, kuma kowa ya gane ba hancinsa ne ke aikin ba.

Bayan wata huɗu magabatansa suka aiko, nan aka samu cikas. Muktar ɗan Maitama ne a Abuja, Alhaji kuwa ba ya ba da 'ya sai an yi bincike. Ya ce unguwar da babu zaure babu majalisa, wa za a tambaya, katanga? Zuwan wahalar banza ne. Ga Zakiyyu ɗan maƙwabta, tun yana rarrafe aka san halinsa.

Hankalin Juwairiyya ya tashi, don ta san in ba a je ba, magana ta mutu. Ta tura wa Muktar saƙo:

"Nurina, wai da gaske ba ku da maƙwabta? In an yi haihuwa wa ke shigo muku barka?"

Ya amsa: "Muna da su, Zinariyata, sai dai motocinsu kawai na sani. A turo ko mutum ɗaya ne. Bincike ba ya ba ni tsoro, rasa ki nake tsoro."

Sai ta tuna da Baffa Kabo, ƙanen Alhaji, sarkin son ganin ƙwaƙwaf. Kullum ta je gaishe shi sai ta ɗauko zancen Maitama: an ce karnuka ma ɗakinsu daban, an ce titi ko tsinke babu. Kwana biyar ya daure, na shida ya shiga mota.

Ranar da ya dawo, tana laɓe a bayan ƙofar zaure, Baffa na ba Alhaji labari. Ya ce gida huɗu ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya leƙo. Da la'asar ya bi masu gadi wani ɗan masallaci, sai ga rabin sahu mutanen Mashi da Mai'adua da Dutsi. Masu gidajen ba su san juna ba, amma masu gadi sun san kowa ciki da bai.

"Yaya, unguwar ba abin kallo sai fenti," in ji Baffa. "Amma yaron nan, da mai gadinsu ya rasu, shi ya kawo iyalinsa har Mashi, ya yi zaman makoki kwana uku a kan tabarma."

Da jin haka, Alhaji ya ce a sa rana. Juwairiyya ta durƙushe a wurin tana kukan daɗi.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren. Alhaji ya riƙe hannun Muktar ya ce, "Wanda ya riƙe maigadi haka, ba na jin tsoron ba shi 'yata."

Allah ya sanya albarka, ya ba su zuri'a ɗayyiba.